Maganin Ciwon Jiki da Ƙodar Mai Hawan Jini

Mai hawan jini, musamman wanda shekaru suka ja, ba kasafai yake rabuwa da ciwon gwiwa ko na baya ba, kuma abin da aka fi miƙa masa a kemis shi ne ibuprofen ko diclofenac, galibi babu takardar likita. Waɗannan magunguna suna kashe raɗaɗi ne ta hanyar hana jiki samar da furostagilandin, sinadarin da ke haddasa kumburi. Sai dai shi ne kuma yake buɗe jijiyar da ke shigar da jini matatar ƙoda, yake taimaka mata wajen fitar da gishiri da ruwa, don haka idan aka danne shi sai ruwa ya taru, jini ya hau. Wani nazari da aka wallafa a 1994 ya nuna cewa hawan yakan kai kimanin maki 5.

Haɗarin ya fi tsanani ga wanda yake shan maganin hawan jini irin su lisinopril ko losartan tare da maganin sa fitsari irin su hydrochlorothiazide. Na farko yana sassauta jijiyar da jini ke bi ya fita daga matatar, na biyu yana rage ruwan jiki, maganin ciwon kuma ya zo ya matse ƙofar shiga, sai ƙarfin tacewar ya faɗi. Binciken da mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga a 2013 ya gano cewa haɗa ukun yana ƙara yiwuwar rauni na farat ɗaya ga ƙoda da kashi 31 cikin 100, abin kuma ya fi muni a kwana 30 na farko. Zafin bazara, da gudawa, da amai, duk suna ƙara tsananta lamarin, domin jiki ya riga ya bushe.

Abin takaici shi ne yawancin marasa lafiya ba sa ɗaukar ƙwayar ciwon jiki a matsayin maganin da ya cancanci a faɗa wa likita, shi kuma, ganin awo ya hau, sai ya ƙara maganin hawan jini. Ga ciwo mai sauƙi farasitamol ya fi aminci, wanda kuwa ya ga ƙafafunsa sun kumbura ko fitsarinsa ya ragu bayan shan waɗannan ƙwayoyi, ya kamata a gwada masa jini a duba aikin ƙodarsa ba tare da jinkiri ba.