Hannun da ke warware ƙullin tsoka: sana'ar da 'yarki za ta iya karanta

Uwargida, kin taɓa yini kina wanki da girki da goyo, dare ya yi kika kai hannu kafaɗa kika ji wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar gyaɗa? Kina dannawa sai zafin ya harba har gefen kai. Ki sha farasitamol ya lafa, bayan kwana biyu ya dawo. To, wannan ƙullin akwai masu iliminsa, kuma ilimin nasu sana'a ce da ake ci da ita.

Wadda ta fito da wannan fanni mace ce, Dakta Janet Travell ta Amurka. Ita ta yi wa John F. Kennedy maganin ciwon bayan da ya addabe shi, kuma da ya hau mulki a 1961 ya ɗauke ta likitarsa a fadar shugaban ƙasa, mace ta farko da ta riƙe wannan matsayi. A 1983 ita da Dakta David Simons suka wallafa littafin da masu koyon aikin ke karantawa har yau.

Bayanin da suka yi shi ne: wani sashe na tsoka yakan ɗaure ya ƙi saki, ya yi tauri kamar igiya. Abin da ke rikita mutane, ba lallai a ji ciwon a inda ƙullin yake ba. Na kafaɗa yakan kai ciwo kai, na ɗuwawu yakan sauka ƙafa. Aikin ƙwararre shi ne ya lalubo tushen da yatsunsa, ya danna da awo, ya miƙar da tsokar, sannan ya koya wa majinyaci motsa jikin da zai hana ta sake ɗaurewa.

Ta ina ake shiga? A Najeriya ƙofar da ta fi inganci ita ce digirin gashin ƙashi, wato fisiyo. Yarinya tana buƙatar sakamako mai kyau a Turanci, lissafi, fizis, kemistiri da bayoloji, sannan ta zauna JAMB. Jami'ar Bayero ta Kano na cikin masu koyar da fannin. Karatun shekara 5 ne zuwa 6, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, da rajista da hukumar MRTB mai ba da lasisi. Bayan nan ne za ta ƙaro kwas na musamman kan ƙullin tsoka.

Kada ki bari a ruɗe ki da tallan intanet na "zama ƙwararriya cikin mako biyu". Tausa daban, magani daban. Ba kowane ciwon kafaɗa ko baya ne na tsoka ba. Wani alamar ciwon zuciya ne ko na ƙoda, kuma sai wadda ta karanci jikin ɗan Adam ce za ta gane ta tura mutum wajen likita. Akwai kuma masu soka siririyar allura a cikin ƙullin. Idan hannun da bai ƙware ba ya yi haka kusa da ƙirji, yana iya huda huhu.

Me ya sa muke maganar 'ya mace? Ke ma kin san mata nawa ne ke haɗiye ciwon baya shekara da shekaru, don kunyar buɗe jiki gaban namiji. Da za su tarar da mace 'yar uwarsu a ɗakin gashi, da tuni sun je.

Saboda haka in kina da 'yar da ke son kimiyya, mai haƙuri da taushin hannu, wadda in kaka ta ce ƙafa na ciwo ita ce farkon tasowa, ki zaunar da ita ku tattauna tun kafin ta zaɓi darussa a babbar sakandare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ke fa, an taɓa yi miki gashi a asibiti? Mace ce ta duba ki ko namiji? Ba mu labari a ƙasa, wata uwar za ta ƙaru.