Gudun Famfalaki A Kaduna: Aikin Da Ke Kan Mai Jira A Bakin Titi

Ran Asabar 21 ga watan Nuwamba na shekarar 2020 aka yi gasar gudun famfalaki ta birnin Kaduna karo na farko, a zamanin Gwamna Nasiru Ahmad El-Rufa'i. Babban tseren ranar na kilomita 21 ne, watau rabin cikakken famfalaki, kana aka haɗa da na kilomita 10 da na kilomita 5 domin waɗanda ƙarfinsu bai kai can ba. 'Yan ƙasar Kenya ne suka zo na ɗaya, a maza da mata duka, kuma su aka yi ta bugawa a jaridu.

Amma a kowane tsere irin wannan, mafi yawan masu ɗaura lamba a ƙirji ba kuɗi suka fito nema ba. Magidanta ne da matan aure da samari waɗanda suka ɗaukar wa kansu alkawarin sai sun ga ƙarshen hanya. Kusan kowane ɗaya daga cikinsu yana da wani nasa a tsaye a bakin titi, miji ko mata, riƙe da jaka da gorar ruwa. Wannan mai jiran shi ne abin maganarmu yau, domin jama'a sun ɗauka kallo kawai ya zo yi, alhali kuwa aiki ne a kansa, kuma idan ya yi sakaci mai gudun ne zai ji a jikinsa.

Da farko ya kamata mai jira ya san nisan da ake magana a kai. Cikakken famfalaki kilomita 42 ne da mita 195, nisan da aka gada daga wasannin Olamfik na birnin Landan a 1908. Rabinsa kuwa kilomita 21 ne da mita 97 da rabi, kimanin mil 13 ke nan ga waɗanda suka saba da tsohon awo. Zakarun duniya na maza kan cinye shi cikin ƙasa da awa ɗaya. Maigidanki ko uwargidanka ba sa cikin wannan sahu, saboda haka kada a auna su da mutanen Kenya.

A ƙasashen Turai lokacin kaka ake yin da dama daga cikin manyan tseren nan. Misali shi ne wanda ake farawa daga birnin Niyukasul na Ingila tun 1981, wanda yanzu a watan Satumba ake yinsa. Mu ma a nan kaka ce ta fi dacewa, gama ruwa kan ɗauke a Kaduna cikin watan Oktoba, kuma kafin Nuwamba ta yi nisa hunturu ya fara leƙowa. Sai dai kakarsu da tamu ba ɗaya ba ce. Tasu sanyi ne wuni guda. Tamu kuwa sanyin na asuba ne, da hantsi ya dubi ludayi sai rana ta buɗe, ga iska busasshiya mai shanye gumi tun kafin mutum ya lura yana yinsa. Zakara ya gama tun da sauran sanyi. Na baya, wanda shi ne namu, shi rana za ta tarar a kan kwalta.

Aikin mai jira ba ranar tsere yake farawa ba. Wanda ke son ya yi kilomita 21 lafiya yakan ɗauki mako 10 zuwa 12 yana horar da jikinsa, watau mai nufin Nuwamba zai fara ne tun ƙarshen Agusta, ana tsakiyar marka. Bayan sallar asuba zai fita, ko ya zagaya titunan Unguwar Rimi da Malali, ko ya nufi Dandalin Murtala inda masu motsa jiki kan taru. A duk waɗannan safiyoyi wani ne zai shirya yara makaranta, wani ne zai haƙura da takalmi mai laka a bakin ƙofa. Idan matar ce mai gudun, to, nauyin da ke kan mijin ya ninka, domin ban da hidimar gida akwai bakin mutane.

A nan ne maganar take da nauyi a ƙasarmu. Har yanzu akwai masu ganin magidanci mai iyali yana gudu a titi su ce ya zubar da girma, balle kuma matar aure. Dangi za su yi tambaya, maƙwabta za su yi gulma, 'yan zaman majalisa za su yi dariya. Macen da ta sa doguwar rigar wasa da wando da ɗan hijabinta ta fita motsa jiki ba ta aikata laifin kome ba, amma sau da yawa abin da ke mai da ita gida ba gajiya ba ce, surutu ne. Idan aka ga mijinta a tsaye a bakin titi ran tsere, yana jiranta a bainar jama'a, ya ba kowa amsa ba tare da ya buɗe baki ba. Mu a ganinmu wannan tsayuwar ta fi ruwan da ke hannunsa amfani. Kuma kada mu ɗauka mu kaɗai muka yi fama da wannan: sai a 1984, a birnin Los Anjalis, aka fara barin mata su yi cikakken famfalaki a wasannin Olamfik.

Daren jajibere a yi abincin da ciki ya saba da shi, kamar tuwon shinkafa ko taliya ko doya, a rage yaji da mai, a bar wake sai wata rana. Da safe, awa 2 ko 3 kafin a tashi, koko ko burodi da ayaba sun isa. Kada uwargida ta ce za ta burge maigida da sabon takalmi ran tsere. Sabon takalmi shi ke fasa ƙafa.

Sai batun inda za a tsaya. Masu shirya tsere kan fitar da taswirar hanya, kuma akan rufe titunan da za a bi tun da sassafe, don haka wanda ya dogara da mota zai ƙare a cikin cunkoso yana jin tafi daga nesa. Mai zuwa daga Barnawa ko Kakuri ko Sabon Tasha sai ya ƙetaro gada da wuri. Mai zuwa daga Kawo ko Unguwar Dosa ya ajiye abin hawansa nesa da hanyar tsere, ya ƙarasa da ƙafa. Dabara ita ce a zaɓi wuri 2, ko 3 in an matsa, waɗanda za a iya yanke tsakaninsu ta lungu yayin da masu gudu ke zagaye ta babban titi. A kuma faɗa wa mai gudun tun a gida: ga shataletalen da zan tsaya, ga hannun da zan kasance, ga launin tufafin da zan sa. Mai gudu a gajiye ba ya iya tantance fuska cikin taro, amma zai hango jan mayafi ko koriyar hula.

Lissafin lokacin ba shi da wuya. Mai yin kowace kilomita cikin minti 6 zai kai kilomita 10 bayan awa ɗaya cif, ya gama cikin awa 2 da kamar minti 7. Mai yin minti 7 kuwa zai kai kilomita 10 bayan awa ɗaya da minti 10, ya gama dab da awa 2 da rabi. Wurin farawa ba ya bukatar mai jira sosai, domin a can kowa ƙarfinsa cike yake. Inda ake bukatarsa shi ne wajen kilomita 15 zuwa 18, inda ƙafa ta yi nauyi, 'yan kallo suka yi ƙaranci, zuciya kuma ta fara raya wa mutum ya hau Keke Napep ya tafi gida.

Me za a ce masa idan ya iso? Gajeriyar magana, wadda kunne zai kama. Matar da al'ada ta hana ta ambaci sunan mijinta ba ta rasa abin kira ba: "Sannu Malam, ka yi ƙoƙari!" ko "Baban Amina, muna nan!" Mijin kuma ya ce, "Sannu Hajiya, Allah ya ba da sa'a!" Abin da ba a so shi ne ƙarya. Kada a ce saura kaɗan alhali saura kilomita 6, gama shi ya fi kowa sanin abin da ya rage, kuma ba zai manta ba.

Akwai kuma doka. A ƙa'idar hukumar wasannin guje-guje ta duniya, ɗan tsere ba ya karɓar ruwa ko abinci sai a tashoshin da aka keɓe, kuma ba a yarda wanda ba ya cikin tsere ya raka shi da ƙafa ko da babur ba. Akan fi tsananta wannan ga masu neman kyauta, amma ko ga na baya ya kyautu a karanta sharuɗɗan masu shiri. Mijin da ya bi matarsa da babur yana ƙarfafa mata gwiwa yana iya kaɗe matar wani.

Mafi muhimmanci duka, mai jira ne ya san mai gudun fiye da kowane jami'i a wurin. Gajiya daban, ciwo daban. Idan ka ga tana tangaɗi, ko tana magana ba kan gado, ko ta dube ka ba ta gane ka ba, ko tana amai, ko ta dafe ƙirji, tseren ya ƙare ke nan ko da ana hangen layi. A kai ta inuwa, a jiƙa mata jiki da ruwan sanyi, a yi mata fifita, a kira ma'aikatan lafiya nan take. Kada a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa a baki. Haka kuma kada a tilasta wa mai gudu shan ruwa gora bayan gora, domin ruwan da ya wuce kima kan tsinka gishirin jini, shi ma haɗari ne. Wanda ke da hawan jini ko ciwon zuciya kuwa, aikin abokin zamansa ne ya tura shi wurin likita tun kafin ya fara horo.

A wurin gamawa kada a sa ran fara'a nan da nan. A watan Oktoba na 1978 wata malamar makaranta 'yar ƙasar Norwe, Grete Waitz, ta shiga cikakken famfalaki karo na farko a birnin Niyok, bisa lallashin mijinta Jack. Ta zo ta ɗaya, ta kuma kafa sabon tarihin duniya na mata, amma tsananin wahala ya sa da ta gama ta cire takalmanta ta jefe shi da su, ta ce ba za ta sake ba. A ƙarshe dai, jimilla sau 9 ta lashe wannan tseren.

Saboda haka idan naka ya tsallake layi fuska a murtuke, a bar shi ya ɗan taka a hankali kafin ya zauna. A miƙa masa busasshiyar riga da silifas, sannan ruwa kaɗan-kaɗan, da ayaba ko dabino ko kunun zaƙi. A ajiye wurin haɗuwa tun daga gida, ƙarƙashin wata bishiya ko bakin wata ƙofa da kowa ya sani, domin cikin taro waya ba ta cika shiga ba. Tuƙin komawa gida kuwa na mai jira ne, haka nan hidimar yara ta washegari, lokacin da hawa matakala zai gagari mai gudun.