Inci, Santimita da Milimita: Kada Rami Ya Cinye Mana Iri

'Yan'uwa manoma, kakanninmu da taƙi da kamu suke awo, kuma ya ishe su. Mu kuwa, malaman gona na dā da inci suka koya mana, takardar jikin buhun iri kuma da santimita take magana. Tun da Nijeriya ta koma awon mita a shekarun 1970 muke fama da wannan gauraye.

Lissafin ba wuya. Milimita 10 su ne santimita 1. Inci 1 kuwa santimita 2.54 ne, wato milimita 25.4, kamar yadda aka daidaita a 1959. A gona, mu ce biyu da rabi ya isa.

Ga inda hatsarin yake. In takarda ta ce a shuka masara zurfin santimita 5, inci 2 ke nan. Wanda ya zaci inci 5 ake nufi, zai binne irin kusan santimita 13. Tsiro da abincin cikin ƙwaya yake rayuwa har ya fito ya ga rana. In ramin ya yi zurfi, sai ƙarfinsa ya ƙare a hanya. Gero ma ya fi shan wahala, don ƙwayarsa ƙarama ce. Shi ke nan, irin da ƙungiya ta ci bashi ta sayo ya ruɓe a ƙasa, sai a ɗora wa mai sayarwa laifi. Shawararmu, kowace ƙungiya ta aro rula wajen 'yan makaranta, a yi tsaga a jikin sanda daidai santimita 5, kowa ya kwafa.

Akwai awon da ya fi milimita ƙanƙanta, sunansa maikiron. In aka raba milimita 1 kashi 1,000, kashi ɗaya shi ne maikiron. Kada mu raina shi. Buhun PICS na ajiyar wake yana da leda biyu a ciki, kowace kaurinta maikiron 80, wato milimita 0.08. Sai an jera 13 kafin su wuce milimita guda, amma kaurin nan ne ke tsare iska har ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Ledar da ba ta kai haka ba tana saurin hujewa, ido kuma ba ya rabe su. Saboda haka kafin ma'aji ya biya kuɗin buhuna, ya tambayi kaurin ledar, a rubuta masa a rasit.