Natsuwar Zuciya ga Mai Ciwon Ajali

Ciwon ajali, a wurin ma'aikatan lafiya, shi ne ciwon da ya wuce warkarwa, sai dai a rage raɗaɗinsa: sankarar da ta bazu, ƙodar da ta daina aiki, hantar da ta lalace, zuciyar da ta gaza. Ranar tafiya Allah ya bar wa kansa sani, kuma likitan kirki ba ya yanka wa'adi. Iyakar abin da zai ce shi ne magani ya kai maƙura. Daga wannan magana zuwa cikawa akan samu makonni ko watanni, kuma yadda aka tafiyar da su ne ke sa majinyaci ya samu natsuwa ko ya rasa ta.

A yammacin Zamfara, galibi a gida ake yin waɗannan kwanaki. Mutumin Anka, Gummi ko Bukkuyum yakan fara da babban asibitin garinsu, daga nan a tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kafin a kai can an sayar da tumaki, an jinginar da gona, ga fargabar 'yan bindiga a hanya. Da yawa sai ciwo ya ci jiki suke isa, a sallamo su da cewa a koma gida a ci gaba da addu'a.

Abu na farko da ke hana natsuwa shi ne zogi. Mutumin da ƙashi ke sara wa dare da rana ba ya iya tattara hankalinsa ga zikiri, balle ga wasiyya. Wata likitar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinyar St Christopher's a Landan a 1967, ta nuna cewa ciwon mai barin duniya haɗe yake: na jiki, na zuciya, na tunanin iyali da na ruhi, kowanne yana rura ɗan'uwansa. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya nemi ƙasashe su sa irin wannan kulawa cikin tsarin lafiyarsu, kuma a Najeriya asibitin koyarwa na Ibadan yana cikin waɗanda suka fara. Maganin zogi mai tsanani shi ne mofin, wanda likita ke rubutawa bisa awo. Ɓarnar da tiramadol da kodin suka yi wa matasa ta sa iyalai tsoron duk wani magani mai ƙarfi, wasu kuma suna ganin jure azaba shi ne haƙuri. Wannan kuskure ne. Haƙuri shi ne kame harshe da zuciya daga fushi da hukuncin Allah, neman sauƙi bai taɓa ɓata shi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da baffansa Abdullahin Gwandu duk sun yi rubuce-rubuce a kan magani.

Na biyu shi ne gaskiya. An saba likita ya keɓe babban ɗa ko miji ya faɗa masa, shi kuma ya shiga ɗaki ya ce, "Baba, sun ce da sauƙi." Tausayi ne ya kawo haka, amma majinyaci yakan gane daga yawan 'yan dubiya da raɗe-raɗen tsakar gida. Sai ya zama kowa ya sani, kowa yana ɓoye wa kowa, shi kuma ya rasa wanda zai faɗa wa tsoronsa. Ba a cusa wa mutum labarin da bai nema ba. Akan tambaye shi yadda yake ganin jikin nasa, a ba shi gwargwadon abin da ya tambaya, ta bakin wanda yake jin nauyinsa.

Amfanin sanin gaskiya yana fitowa fili wajen haƙƙoƙi. A karkara yawancin mu'amala da baki ake ƙulla ta: gonar jingina, buhun dawa da aka ara zuwa kaka, shanun da aka bai wa makiyayi kiwo, zubin adashi, kuɗin ajiyar wata tsohuwa da babu wanda ya sani sai su biyu. Idan mai su ya tafi bai yi bayani ba, rigima ce ya bar wa magada, kuma shi kansa ya san haka, shi ne ma abin da ke hana wasu barci. A kira shaidu biyu, a rubuta da boko ko ajami. Mace ma tana da nata: awaki, kayan ɗaki, ragowar sadaki, da wanda take so ya riƙe mata ƙananan yara. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yin ta ga magaji. Asalin wannan iyaka shi ne rashin lafiyar da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi a Makka, lokacin da ya nemi bayar da mafi yawan dukiyarsa Annabi (SAW) ya tsayar da shi a sulusi. Masu camfin cewa wasiyya kiran mutuwa ce su lura: Sa'adu ya warke, har ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya shekaru bayan haka. Neman yafiya ma haƙƙi ne. 'Yan'uwan da gādo ya raba, ko kishiyoyin da suka daina gaisawa, sau da yawa aike ɗaya daga mai ciwo ya isa.

Ibada kuwa an sauƙaƙa ta fiye da yadda jama'a ke zato. Ahalari da Risala, waɗanda ake karantawa a zaurukan malamai, sun yi bayanin sallar mara lafiya: a zaune, ko a kishingiɗe, ko da nuni, da taimama idan ruwa zai cutar. Wanda aka sa wa robar fitsari yakan bar salla don yana ganin ba shi da tsarki, alhali a mazhabar Malikiyya fitsarin da ke zuba mafi yawan lokaci ba ya karya alwala. Malamin da ya zauna ya warware wa majinyaci wannan ya cire masa babban nauyi. Ana kuma so ya rinjayar da kyakkyawan zato ga Allah a kan tsoro, don haka gefen shimfiɗarsa ba wurin wa'azin azabar kabari ba ne. Kiristocin yankin su ma suna da nasu tanadi, ta ziyarar fasto da addu'ar 'yan'uwa.

Tambayar da ta fi cin rai ita ce me ya jawo. Idan ciwo ya ƙi magani, zargin sammu ko jifa yakan taso, a ƙarar da ragowar dukiya wurin bokaye, mutum ya cika yana ƙullace da ɗan'uwansa. Wannan yanki ya ga amfanin bin diddigin sanadi. A 2010 yara suka riƙa suma suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da abokan aikinsu su tabbatar gubar dalma ce daga duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje. Fiye da yara 400 suka rasu. Iyayen sun karɓi ƙaddara, an kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajen, har aka kai ga ƙauyen Bagega a 2013.

Masu dubiya su taƙaita zama, su bar labarin wane da irin wannan ciwo ya kashe. Mai jinya, wadda yawanci mata ce ko 'ya, a karɓe ta ta samu barci.

Idan gargara ta zo, ci da sha sukan tsaya da kansu. Ɗura ruwa ko kunu a lokacin yana iya shaƙe mutum, jiƙa leɓe ya wadatar. Akan fuskantar da shi alƙibla idan babu wahalarwa, wani mai sanyin murya ya riƙa faɗin kalmar shahada kusa da shi ba tare da ce masa ya maimaita ba. Idan ya faɗa sai a yi shiru, sai fa in ya sake wata magana. Ana kyautata zaton ji yana cikin abubuwan da ke daɗewa ba su ɗauke ba, saboda haka kururuwa da zancen rabon gādo a fitar da su daga ɗakin.