Kyamarar Da Ke Gani Bayan Magariba: Kafin Uwargida Ta Zuba Jarinta

A Wudil, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, yawancin hidimar biki ta mata sai rana ta yi sanyi take kankama. Kamu yakan kai magariba, kai amarya kuwa sai bayan isha'i, a tsakar gida ko a ƙuryar ɗaki, da ƙwan lantarki ɗaya ko fitilar caji. A nan ne matsala biyu suke haɗuwa. Ga namiji mai ɗaukar bidiyo a tsakiyar matan aure da suka ci ado, ga kuma hoton da za a kawo bayan sati biyu, duk ya yi dishi-dishi, uwar amarya ba ta gane fuskar 'yarta ba. Biki kuwa ba a maimaita shi.

Shi ya sa wannan sana'a ta dace da mace. Sai dai jarinta ba ƙarami ba ne, dole a san abin da za a saya.

Tun bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, masu ɗaukar bidiyo suka gane cewa duhu ne yake tona asirin kyamara. Shi ya sa Sony PD170 mai ƙaramin kaset, wadda ta fito a 2003, ta yi suna, domin tana gani da ɗan haske kaɗan. Yau an bar kaset an koma katin memori, amma ma'aunin bai canza ba.

Da farko ki tambayi girman sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Babba ya fi tara haske. Mai inci 1 ta fi ƙananan nesa ba kusa ba. Kada yawan megafiksel da aka rubuta a kwali ya ruɗe ki, ba shi ne ke maganin duhu ba.

Sai gilashin gaba. Akwai lamba a jikinsa mai farawa da f. Ƙaramar lamba ita ce alheri: f/2 tana shigar da haske ninki 4 na abin da f/4 ke shigarwa. Ki sani kuma yawancin kyamarori hotonsu yana ƙara duhu idan aka jawo abu daga nesa, gara ki matsa kusa da ƙafarki.

Wutar lantarkin Nijeriya tana kan 50Hz, ta Amurka kuwa 60Hz. Kyamarar da aka yi wa kasuwar Amurka takan sa hoto ya riƙa ƙyaftawa a ƙarƙashin wasu ƙwayayen wutarmu. Ki tabbata tana ɗaukar hoto 25 ko 50 a daƙiƙa.

Idan kun shiga Kano ke da maigida, kada ku yi cinikin biri a sama. A kashe fitilar shago, a bar ta waya kaɗai, a ɗauki fuskar mutum, sannan a duba a babban allo. Ki ware kuɗin batir biyu, ƙaramar fitila da makirfo, don janareta ba ya barin a ji muryar kowa.

Abu na ƙarshe shi ne amana. Hoton matan mutane yana hannunki. Ki miƙa wa masu biki kayansu, ki goge naki katin, kada ko ɗaya ya hau intanet ba da izininsu ba. Allah Ya sa albarka a nema.