Ladi Kwali da Tambayar Yadda Ake Zaɓen Sana'a

Matar da hotonta ke bayan takardar naira ashirin ba a ofishin mai ba da shawara ta zaɓi sana'arta ba. Ladi Kwali ta tashi ne a garin Kwali cikin Gwarawa, inda ginin tukwane aikin mata ne, ta kuma koya a hannun wata daga cikin iyayenta mata. Da hannu take jera yumɓu zobe kan zobe, tana zagaya tukunyar, sannan ta zana mata kada da kunama da hawainiya da kifi. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tulunanta a fada. A nan wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Shi ne ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a wannan gari na Abuja ta da, wanda yau muke kira Suleja, kuma a 1954 Ladi ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar.

Masana halayyar ɗan Adam a wurin aiki sun daɗe suna muhawara kan irin wannan tafiya. Frank Parsons, wanda ya buɗe ofishin shawarar sana'a a Boston ta Amurka a 1908, cewa ya yi: ka san kanka, ka san aikin, sai ka haɗa su. John Holland ya zo ya kasa mutane da wuraren aiki gida shida. Duk da amfaninsu, a ganina sun ɗauka kamar sau ɗaya ake zaɓe, a gama.

Donald Super ya fi su kusa da gaskiyar rayuwa. A wajensa sana'a girma take yi tare da mai ita: a taso, a lalubi hanya, a kafu, a riƙe, daga baya a sassauta, kuma mutum na iya komawa lalube ko da furfura a kansa. Ladi ta riga ta yi suna kafin ta zauna gaban keken juya yumɓu a matsayin ɗaliba. Ta koyi shafa ruwan ƙyalli da gashi a tanderu mai tsananin wuta. Tulun da ya fito daga wannan wuta ya yi nauyi, ba ya tsatsafa balle ya sanyaya ruwa. Ya tashi daga kayan tsakar gida ya koma kayan kallo, aka baje shi a Landan tun 1958. Maginiyar ma ta koma malama mai zagaya ƙasashe, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Wani zai ce rabo ne kawai. John Krumboltz bai musa ba. Shi da abokan aikinsa sun nuna a 1999 cewa katari yana da babban hannu a sana'ar kowa, sai dai wanda ya shirya shi ke cin moriyarsa. Ai da tulun bai yi kyau ba, da bai shiga fada ba. Shi kansa Cardew karatun adabin Girka da Rum ya yi a Oxford kafin ya faɗa cikin yumɓu.

A Nijeriya, wasu sistoci ne suka fara shirya shawarar sana'a ga ɗalibansu a Ibadan a 1959, kuma har yau mun fi ɗaukarta abin 'yan sakandare, masu tambayar wane kwas za su cike a JAMB. Amma dubi motocin da ke barin Suleja da Madalla da asuba zuwa Abuja. A ciki akwai magatakarda da kwamfuta ta cinye rabin aikinsa, da direban da ke hangen ritaya ba shago ba gona, da yaron kanikawa da aka yaye bai san wa zai tambaya ba. Ma'aikatar da ke iya tura mutum kwas tana iya ware wanda zai zauna da shi sau ɗaya a shekara, ya tambaye shi abin da ya iya wanda ba a rubuta a takardar ɗaukarsa aiki ba.