Daɓen Ɗaki In An Daina Yin Irinsa

'Yan'uwana mata, da yawa a cikinmu muna zaune a tsofaffin gidajen ma'aikata waɗanda aka shimfiɗa wa ƙananan falen roba masu kusurwa huɗu, kowane gefe inci 9. Irin gidan da aka ba ni ke nan da na kama aikin koyarwa. Da na iske guda bakwai sun ɓamɓare a bakin ƙofa, sai na ɗauki ɓallin ɗaya na zaga kantuna. Ko'ina amsa ɗaya ce: an daina yin irinsa tun tuni.

Ga dalili. Daga wajen 1950 zuwa wajen 1980, masu yin wannan fale sukan gauraya roba da zaren wani dutse mai suna asbestos, domin ya yi ƙarko, ya jure wuta. Daga baya likitoci suka tabbatar ƙurarsa tana kawo ciwon daji na huhu, wanda ba ya bayyana sai bayan shekara 20 ko 30 ko fiye. Ingila ta hana amfani da shi ɗungum a 1999. Baƙin gam ɗin da aka manna falen da shi ma wani lokaci yana ɗauke da shi, ido kuwa ba ya ganewa, sai an gwada a ɗakin bincike.

To, kada hankalinki ya tashi. Muddin falen yana zaune lafiya, zaren a kulle yake cikin robar. Haɗarin yana wajen kankarewa da farfasawa. Saboda haka kada ki bar leburori su sa masa guduma ko sandifefa, kada kuma ki share ɓaraguzansa a bushe. Ki yayyafa ruwa, ki kwashe da jiƙaƙƙen tsumma, ki ƙulle duka a leda, yara suna nesa.

Abin da ya fi shi ne a rufe shi a inda yake. Magini ya cike guraben da siminti, ƙasa ta daidaita, sa'an nan a shimfiɗa sabo a bisa. Ledar ɗaki ita ce mai araha, amma ƙafar gado da garwashin kasko suna huda ta. Akwai sabon falen roba na inci 12, wanda aka sa masa garin dutsen farar ƙasa maimakon asbestos. Shi ne ya fi kama da na dā. Tayil na tangaran ya fi su daɗewa da sanyi lokacin bazara, sai dai ki zaɓi mai kaushi don tsofaffi da masu rarrafe, ki kuma tuna zai ƙara tudu har kafinta ya rage ƙasan ƙyaure.

'Yan makaranta, ga lissafi ku taimaki iyayenku. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, yana cin tsohon fale 256, amma sabo 144 kawai. Ku ƙara ɗaya bisa goma saboda yanka da fashewa.

Ni dai na sayi kwali guda fiye da bukata na ajiye ƙarƙashin gado, domin wannan ma wata rana za a daina yinsa.